An soke shaidar shafi: ta yaya wayarka za ta sani?

A ce wani attajiri a Kasuwar Dole ya ba yaronsa takarda mai tambari don ya riƙa karɓo masa kuɗi. Ran nan suka ɓata, ya sallame shi, amma takardar tana aljihun yaron, wa'adinta bai cika ba. Ta yaya mai shago a Zango zai san kada ya miƙa masa ko dala?

Haka lamarin yake a intanet. Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana nuna wa wayarka shaidar da wani kamfani amintacce ya sa wa hannu. Ƙa'idar wannan shaida ba daga gwamnatin Nijar ta fito ba. CA/Browser Forum ce ta kafa ta, ƙungiyar da ta haɗa masu bayar da shaida da masu manhajojin shiga intanet irin su Google, Apple da Mozilla. Ta ce idan an tabbatar mabuɗin sirrin shafi, wanda da shi shafin ke tabbatar da cewa shaidar tasa ce, ya faɗa hannun wani, a soke shaidar cikin awa 24. Wasu kurakuran an ba su kwana 5.

Sokewar ba ta da wuya, sanar da jama'a ne aikin. Tsohuwar hanya ita ce CRL, wato jerin lambobin shaidun da aka soke, kamar a manna sunayen korarru a ƙofar kasuwa. Aibinsa nauyi. A 2014, da matsalar Heartbleed, wani kuskuren manhaja da ke iya tona mabuɗan sirrin shafuka, ta sa aka soke shaidu masu ɗimbin yawa, jerin ya kumbura ƙwarai, kuma wanda ke lissafin megarsa ya san ciwon hakan.

A 1999 aka fito da OCSP: waya ta tambayi kamfanin da ya ba da shaidar kai tsaye, wannan shaidar tana da rai? Tamkar mai shago ya riƙa buga wa attajiri waya duk zuwan yaro. A baki daɗi, a aiki kuwa akwai ƙura. Kamfanin yana iya sanin duk shafin da ka leƙa da lokacin da ka leƙa, ko da na neman maganin ciwon da ba ka faɗa wa kowa ba ne. Sa'annan idan rezo ya yanke, abin da ba baƙo ba ne a garin nan, yawancin manhajoji sai su buɗe shafin kawai. To ɓarawon da ya iya shiga tsakaninka da shafi, toshe wannan tambaya zai gagare shi? An gwada gyara, shafin da kansa ya riƙa zuwa da sabuwar amsar kamfani a liƙe da shaidarsa. Sirri ya tsira, amma ɓarawo sai ya ƙi kawo amsar, shi ke nan.

Shi ya sa a 2023 ƙungiyar ta sauya ƙa'ida: daga 15 ga Maris 2024, CRL ya zama dole, OCSP ganin dama. Let's Encrypt, mai bayar da shaida kyauta, ya rufe OCSP ɗinsa a Agustan 2025. Yanzu masu manhajar ne ke tattaro jerin, su matse shi, su turo maka. Chrome na kiran nasa CRLSets, Firefox kuma CRLite. A ganina an yi daidai, ko don sirrin.

An kuma taɓa wa'adin shaidar kansa, don takardar da ba ta daɗewa ba ta cika buƙatar cigiya ba. A Afrilun 2025 aka amince a rage shi daga kwana 398 zuwa 200 a Maris 2026, zuwa 100 a 2027, sai 47 a 2029. Mai kula da shafin wata makaranta ko ma'aikata a nan Damagaram da ya saba sabunta shaida da hannu sau ɗaya a shekara, daga 2029 zai koma yi kusan sau takwas, sai dai in ya saita na'ura ta riƙa yi da kanta.