Wariya a wurin aiki da wuraren jama'a a birnin New York: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyi iri ɗaya 'yan'uwa mazauna Bronx da Harlem suke maimaita mini a kan wariya, kuma abin da ya fi damuna shi ne da yawa ba sa tambaya sai bayan lokaci ya ƙure. Magana a nan a kan Dokar Haƙƙin Ɗan Adam ta birnin New York ce, wadda take daban da ta jiha da ta tarayya, kuma ta fi ta tarayya faɗi.

Tambaya: Ba ni da takardun zama. Dokar ta shafe ni?

Amsa: Ta shafe ka. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta birnin ba ta tambayar mai ƙara matsayin takardunsa, kuma maigidan da ya yi maka barazanar kiran jami'an shige da fice domin ka yi shiru ya ƙara wa kansa laifi ne. Sai dai duba izinin aiki lokacin ɗaukar ma'aikaci wajibi ne a dokar tarayya, wannan ba wariya ba ce.

Tambaya: Abin ya faru shekara biyu da suka wuce. Zan iya kai ƙara?

Amsa: A hukumar birnin, lokaci ya wuce, domin wa'adinta shekara 1 ne daga ranar da abin ya faru, in ban da cin zarafi saboda jinsi, wanda aka ba shekara 3. A kotu kuwa wa'adin shekara 3 ne, don haka da sauran dama, amma ka nemi lauya a wannan makon. Haƙuri hali ne mai kyau, amma ba ya tsayar da wa'adin doka, kuma abin takaici ne mutum ya shekara yana kai kuka wurin abokai a ƙofar masallaci bai kira 311, lambar wayar hidimomin birnin, ko sau ɗaya ba.

Tambaya: Mu biyar ne kacal a shagon da nake aiki. Dokar ta shafe mu?

Amsa: Ma'aikata 4 sun isa a dokar birnin. Dokar tarayya ta 1964 ce take buƙatar 15. Mai aikin gida ko rainon yara kuwa, tun 2022 tana da kariya ko da ita kaɗai aka ɗauka.

Tambaya: Manaja ya hana ni fita sallar Juma'a. Ya karya doka?

Amsa: Wataƙila ya karya, wataƙila bai karya ba, kuma duk wanda ya ba ka amsa kai tsaye ba tare da ya san irin aikinka ba ya yi gaggawa. Asalin hukuncin shi ne wajibi ne wurin aiki ya yi wa ma'aikaci sassauci domin ibadarsa, sai fa idan sassaucin zai jawo masa tsada ko wahala mai yawa, kuma nauyin tabbatar da wahalar a kan maigidan yake, ba a kanka ba. To amma wahala mai yawa ta danganta da wurin. Kanti mai ma'aikata hamsin, inda wani zai iya tsayawa a madadinka na awa ɗaya da rabi, da wuya ya sami hujja. Mai kula da mara lafiya a gida, wanda shi kaɗai ne tare da tsohon da ba ya iya tashi, lamarinsa daban ne, kuma mai yiwuwa abin da zai samu shi ne sauya ranar aiki, ba izinin fita da rana tsaka ba. Ka kuma sani cewa dokar ba ta tilasta a biya ka lokacin da ka fita ba: ana iya cewa ka rama shi a wani lokaci, ko a cire daga hutunka, ko a ɗauke shi a matsayin hutu ba biya.

Abin da ba shi da shakka shi ne tun 2018 ba a yarda manaja ya ce a'a kawai ya juya baya ba. Dole ne ya tattauna da kai a kan hanyoyin da za su yiwu, sannan ya ba ka hukuncinsa a rubuce, kuma ƙin tattaunawar kansa saɓa doka ne. Saboda haka ka nemi izinin a rubuce, ka faɗi ƙarfe nawa za ka fita da ƙarfe nawa za ka dawo, ka kuma kawo shawarar yadda za ka rama. Kada ka riƙa sulalewa ba izini, domin idan aka kore ka a kan haka ka raunana ƙararka da hannunka.

Tambaya: An ce matata ta cire hijabi kafin a ba ta wurin zama a gidan abinci.

Amsa: Wannan wariya ce saboda addini. Gidan abinci, kanti, asibiti da tasi duk wuraren hidimar jama'a ne a dokar. Ta rubuta rana da lokaci da sunan wurin, ta adana rasit idan akwai, ta kuma karɓi lambar duk wanda ya shaida abin.

Tambaya: Idan na kai ƙara ba za a kore ni ba?

Amsa: Ba wanda zai yi maka alkawarin cewa maigida ba zai gwada ba, amma ramuwar gayya laifi ce mai zaman kanta, ko da a ƙarshe ba a tabbatar da wariyar da ka yi kuka a kanta ba, muddin da gaskiya ka yi kukan. Ka kwantar da hankalinka, ka adana saƙonnin waya da jadawalin aikinka na kafin ƙarar da na bayanta, domin rage awanni ma ramuwa ce.

Tambaya: Nawa zan biya?

Amsa: Ko sisi. Ba a buƙatar lauya a hukumar, ana kuma samar da tafinta. Hukumar tana iya sa a biya ka diyya, ta kuma ci tarar mai laifi har dala 250,000 idan da gangan ya aikata.

Tambaya: In je hukumar ne ko kotu?

Amsa: Ka yi shawara da lauya kafin ka sa hannu a komai, domin galibi wanda ya shigar da ƙara a hukumar ba ya iya kai wannan maganar kotu daga baya.