Wally Byam da Ɗakin da Mota Ke Ja: Tambayoyi da Amsoshi

Wane ne Wally Byam?

Ba'amurke ne, an haife shi a 1896 a garin Baker City na jihar Oregon, ya rasu a 1962. Shi ya kafa kamfanin Airstream, mai ƙera ƙananan ɗakuna masu tayoyi da ake ɗaurawa a bayan mota, da gado da murhu da wurin ajiye ruwa a ciki. Yana saurayi ya yi kiwon tumaki, yana kwana a cikin keken da dabba ke ja, don haka tun kafin ya shiga jami'ar Stanford, inda ya gama a 1921, ya san abin da mutum ke bukata idan dare ya yi masa a daji. Bayan karatu ya zauna a Los Angeles yana harkar talla da buga mujallu.

Ta yaya mai buga mujalla ya koma maƙeri?

A 1929 ya samo ƙashin tsohuwar mota Ford Model T, ya shimfiɗa katako a kai, ya kafa tanti. Abin bai yi daɗi ba, musamman idan ana ruwa. Sai ya cire tantin ya gina ɗaki na dindindin, mai faɗi ta gaba, siriri ta baya, ya sa murhu da akwatin ƙanƙara. Duk inda ya tsaya sai mutane su kewaye shi da tambaya. Ya fara sayar da zanen yadda ake haɗawa, daga nan ya shiga ƙera wa mutane a bayan gidansa, har aikin ya fi ƙarfin tsakar gida ya buɗe ƙaramar masana'anta a Culver City a 1931. Wata dabararsa ta farko ita ce sauke daɓen ɗakin ƙasa tsakanin tayoyi da ɗaga rufin, yadda babba zai miƙe tsaye ya sa wando ba tare da ya sunkuya ba.

Shi ya ƙirƙiro wannan siffa mai ƙyalli da aka san kamfanin da ita?

A'a, kuma nan ne masu yabonsa kan yi saurin wucewa. Siffar ta William Hawley Bowlus ce, injiniyan jiragen sama da ya kula da aikin haɗa Spirit of St. Louis, jirgin da Charles Lindbergh ya ƙetare tekun Atlantika da shi a 1927. Bowlus ya ɗauko fasahar jikin jirgi, wato fallayen alminiyam da ake ɗinkewa da ƙananan ƙusoshi, ya yi ɗakin da ya kira Road Chief. Mara nauyi ne, ba ya tsatsa, iska kuma na zamewa ta jikinsa, mota ba ta wahala wajen ja. Byam ya taɓa sayar da kayan Bowlus. A 1936, shekarar da kasuwar Bowlus ta karye, Byam ya fito da nasa mai suna Clipper, kusan kamar an tsaga kara. Babban gyaran da ya yi shi ne ɗauke ƙofa daga gaba, wajen maɗaurin mota, ya mayar da ita gefe. Clipper na kwanar da mutum huɗu, kuɗinsa dala 1,200, a lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu. Duk da haka an saya.

Yaƙin Duniya na Biyu fa?

Ya tsayar da komai. Alminiyam ya koma na jiragen yaƙi, Byam ya rufe masana'anta ya kama aiki a kamfanonin jirage, ciki har da Lockheed. Bayan yaƙi ya sake buɗewa, a 1952 kuma aka kafa masana'anta a Jackson Center ta jihar Ohio, inda ake ƙera su har yau.

To me ya bambanta shi da sauran maƙera na zamaninsa?

A ganina, tafiya. Byam madugu ne kafin ya zama ɗan kasuwa. Ba ya zama a ofis yana jiran ƙorafi. Yakan tara waɗanda suka sayi kayansa su yi ayari, shi a gaba, su bi hanyoyin da ko babbar mota ke tsoro. A 1951 ɗakuna 63 suka tashi daga El Paso zuwa Amurka ta Tsakiya, 14 kaɗai suka kai ƙarshe. Wani zai ce abin kunya ne. Shi kuwa duk abin da ya karye a hanya, ƙofa ce ko taga ko ƙarfen taya, sai ya aika wa masana'anta a gyara a ƙira ta gaba. A 1955 matafiyan suka kafa ƙungiya da sunansa, alamarsu shuɗiyar hula da jajayen lambobi a goshin ɗakunansu.

Gaskiya ne ya ratsa Afirka?

Gaskiya ne. A 1959 ya jagoranci ɗakuna 41 daga Cape Town, suka nufi arewa cikin laka da rairayi, wani wurin sai an sa hannu an gyara hanya kafin a wuce. A Habasha Sarki Haile Selassie ya karɓe su, suka bi ta Sudan, suka isa Alƙahira a farkon 1960. Hoton ɗakunan a jere kusa da dalar Giza ya zama tallan da kuɗi ba ya saye.

Bayan rasuwarsa me ya faru da kamfanin?

Ya ci gaba. A 1969, da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka dawo daga wata, a cikin wani ɗakin Airstream da aka yi wa gyara na musamman aka killace su, don gudun ko sun kwaso wata cuta. A 1980 kamfanin ya koma hannun Thor Industries.