Mene ne "ƙarfin teku" da masu sharhi ke yawan ambata?

Da zarar rikici ya ɓarke a mashigin Hormuz ko Bahar Maliya, sai ka ji masu sharhi suna cewa ƙasa kaza tana da ƙarfin teku. Yawancin masu sauraro yawan jiragen yaƙi suke kawowa a rai, alhali maganar ta fi haka faɗi.

Wanda ya fito da ita sarari shi ne Alfred Thayer Mahan, hafsan sojan ruwan Amurka kuma masanin tarihi, wanda aka haifa a West Point da ke jihar New York a 1840, ya rasu a 1914. Ba gwanin tuƙa jirgi ba ne, don jiragen da ya jagoranta sun sha yin karo. Ɗakin karatu ya fi karɓarsa. A birnin Lima na ƙasar Peru yana karanta tarihin Rumawa, sai ya lura da yadda Hannibal, jagoran yaƙin daular Carthage ta Arewacin Afirka, ya kwaso mayaƙa da giwaye ta Sifaniya, ya haura duwatsun Alps, ya yi asarar jama'a mai yawa kafin ya kai Italiya, saboda Rumawa ne ke riƙe da teku.

A 1890 ya wallafa littafinsa kan tasirin ƙarfin teku a tarihi daga 1660 zuwa 1783, daga laccocin da ya yi a kwalejin yaƙin ruwa ta Newport a Amurka. A ganinsa abin daga kasuwanci yake farawa: ƙasa ta samar da haja, ta mallaki jiragen dakon ta, ta sami tashoshi a ƙetare inda jirgi zai ɗebi kwal a yi masa gyara. Kamar ayarin fatake ne: akwai kaya, akwai zango, sannan 'yan rakiya masu makami. Rundunar ruwa ita ce 'yan rakiyar. Da haka, in ji shi, Ingila ta sha gaban Faransa.

Masu mulki dai ɓangaren makamin ya fi shiga ransu. Sarkin Jamus Wilhelm II ya rungumi littafin, Japan ta fassara shi, aka shiga rige-rigen ƙera manyan jiragen yaƙi. Amurka kuwa ta haɗe Hawaii a 1898, ta buɗe mashigin Panama a 1914.

Inda nake ganin Mahan ya yi sako-sako shi ne raina masu farmakin jiragen kasuwa da ya yi. Daga ƙarshen 2023 'yan Houthi na Yemen, waɗanda ba su da wata rundunar ruwa ta a zo a gani, sun sa manyan kamfanonin dakon kaya ƙaurace wa mashigin Suez na Masar suna zagayawa ta kudancin Afirka.