Waiwaye: Yadda masu binciken ƙwaƙwalwa suka koyi ƙirga mutane maimakon hotuna

A 1995 Bharat Biswal da abokan aikinsa a Milwaukee ta Amurka suka gano cewa ko mutum na kwance cikin na'urar fMRI, mai ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa, ba ya komai, aikin wasu sassan ƙwaƙwalwarsa kan tashi ya sauka tare. Daga nan binciken alaƙar sassan ƙwaƙwalwa ya kankama. Sai dai auna mutum ɗaya daban, yanke hukunci kan jama'a daban.

Da farko masu bincike kan haɗe hotunan kowa wuri guda, su ɗauki kowane hoto tamkar shaida mai zaman kanta. Mutum shida sai su zama ɗaruruwan shaidu, alhali in ɗaya ya fita daban, shi kaɗai zai iya jan sakamakon. A 1998 Andrew Holmes da Karl Friston suka kawo gyara: a fara taƙaita kowane mutum a lamba ɗaya, sannan a gwada lambobin tsakanin mutane. Wato mutum ne abin ƙirgawa.

Sai matsalar yawan gwaji. Ka raba ƙwaƙwalwa gida 100, za ka sami alaƙa 4,950 da za a gwada, kuma wasu za su fito da kamannin gaskiya bisa dace kawai. A 2009 Craig Bennett ya sa mataccen kifi a na'urar, ya nuna cewa in ba a yi gyaran lissafi ba, har kifin zai zama kamar yana tunani. An yi dariya, amma saƙon ya isa. A 2010 Andrew Zalesky ya fito da hanyar gwada gungun alaƙoƙi a dunƙule.

A 2012 aka tabbatar cewa ɗan motsin kai ma yana gurɓata ma'aunin alaƙar sassan ƙwaƙwalwa. Yara da marasa lafiya sun fi motsi, don haka bambancin da ake ɗora wa cuta kan iya zama na motsi ne.

Binciken Scott Marek na 2022 ne, a ganina, ya fi ɗaci. Ya nuna cewa danganta alaƙar ƙwaƙwalwa da ɗabi'ar mutum na buƙatar dubban mutane kafin sakamako ya maimaitu, ga shi kuwa a lokacin kusan rabin irin wannan bincike da mutum 25 ko ƙasa da haka ake yin sa.