Waiwaye: Yadda zanen Saturn ya baro bangon gidan Goya

A shekarar 1819 Francisco Goya, mai zanen fadar sarkin Sifaniya, ya sayi gida a bayan garin Madrid. Yana da shekara 72, ya kuma daɗe da kurumcewa. Kafin ya yi ƙaura zuwa Bordeaux ta Faransa a 1824, ya cika bangon ɗakuna biyu da zane-zanen fentin mai, 14 daga ciki suna nan har yau. Ba wanda ya ba shi kwangilar aikin, shi ma bai raɗa musu suna ba.

Wanda ya fi shahara shi ake kira Saturn. A tatsuniyar Girkawa da Rumawa, an yi wa abin bauta mai suna Saturn duba cewa ɗansa zai tuɓe shi daga mulki, sai ya riƙa haɗiye 'ya'yansa da zarar an haife su, har ranar da matarsa ta ɓoye autan, ta miƙa masa dutse naɗe cikin zani. Goya bai tsaya ga haɗiya ba. Ƙaton tsoho ya zana, idanu a waje, ya damƙe gawar da ya riga ya cinye kanta, yana gatsar hannun. Kuma gawar ba ta yi kama da ta jariri ba, alhali wani mai zane, Rubens, da ya zana labarin a 1636 jinjiri ya sa. Shi ya sa nake ganin sunan da aka laƙaba bayan rasuwar Goya a 1828 bai warware komai ba.

Daga nan zanen ya shiga hannun wasu. Attajiri Émile d'Erlanger ya sayi gidan a 1873, ya sa mai gyaran zane Salvador Martínez Cubells ya ɓanɓare zane-zanen ya mayar da su kan ƙyalle. Aikin ya yi ɓarna, Cubells ya cike gurabe da nasa fentin. An baje su a Paris a 1878, ba su samu kasuwa ba, sai attajirin ya ba gwamnatin Sifaniya kyauta a 1881. Gidan kuwa an rushe shi a 1909.

A 2003 masanin tarihi Juan José Junquera ya ce wataƙila ma ba Goya ya zana su ba. Gidan tarihi na Prado, inda suke rataye, bai yarda ba.