Labari da bincike: yadda ake sa mutane su ɗauki haɗarin sauyin yanayi ga lafiya da gaske

Wai ina ruwan sauyin yanayi da asibiti?

A farkon Afrilun 2024, ana tsaka da azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗu kacal, alhali a dukan Afrilun 2023 mutum 130 ya ƙirga. Tsofaffi ne suka fi shan wuya, ga kuma ɗauke wuta. Masanan World Weather Attribution, ƙungiyar da ke binciken rawar sauyin yanayi a irin waɗannan bala'o'i, sun bi diddigi, suka ce zafi irin wannan ba zai auku ba in ba don ɗumamar da ɗan Adam ya jawo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta yi hasashen ƙarin mace-mace kusan 250,000 a kowace shekara tsakanin 2030 da 2050, ta hanyar tamowa da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da zafi.

To tunda alƙaluma sun nuna, me za a yi da labari kuma?

Mutum yakan ji 250,000 ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da shan shayinsa. Dubi abin da ya faru a Landan. An daɗe ana buga rahotanni kan hayaƙin motoci, sai ga batun wata yarinya, Ella Adoo-Kissi-Debrah, da ke zaune dab da babban titin South Circular. Asma ta kai ta asibiti kusan sau 30 cikin shekara uku, ta rasu a Fabrairun 2013 tana da shekara tara. Binciken farko da kotu ta yi kan musabbabin mutuwarta bai ambaci gurɓatar iska ba ko kaɗan. Mahaifiyarta, Rosamund, ta ƙi haƙura. Farfesa Stephen Holgate ya ɗauki ranakun da aka kwantar da yarinyar, ya jera su da abin da na'urar auna iska ta unguwar ta rubuta, sai ga su sun dace da ranakun da hayaƙi ya yi yawa. A Disambar 2020 kotu ta sake zama, kuma karon farko a Birtaniya aka rubuta gurɓatar iska cikin musabbabin mutuwar mutum. Da uwa kaɗai ce, da an ce baƙin ciki ne ke magana. Da farfesa kaɗai ne, da takardar na can a ajiye.

Ba a gudun mai labari ya ƙara gishiri?

Ana gudu, kuma ya kamata. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, an yi mamakon ruwan sama, gaskiya ne. Amma madatsar nan ta taɓa jefa garin cikin ambaliya a 1994. Duk wanda ya ɗora wa sauyin yanayi laifin shi kaɗai, to ya wanke masu alhakin kula da ita. A ganina, nan ne amfanin mai bincike ya fi fitowa: ya raba kason sama da kason sakaci.

Akwai inda wayar da kai ya ceci rai a zahiri?

Ahmedabad ta Indiya. Zafin Mayun 2010 ya yi sanadin ƙarin mutuwar mutum fiye da 1,300 a birnin. Masu bincike suka kai lissafin gaban hukumar birni, a 2013 aka fito da shirin tunkarar zafi: gargaɗi mai launi uku, rawaya da ruwan lemo da ja, saƙon waya, allunan titi, wuraren shan ruwa, horar da ma'aikatan lafiya su gane alamun bugun zafi, daga baya har da shafa wa rufin kwano farin fenti. Wani nazari na 2018 ya ƙiyasta cewa ana kauce wa mutuwa kusan 1,190 a shekara. Ba wani abin mamaki a ciki. An dai faɗa wa mutane ranar da za a yi zafi da abin da za su yi.

A wajenmu, bakin wa za a ji?

Mun riga mun ga darasin a shan inna. A 2003 jita-jita ta tsayar da rigakafi a Kano, kuma abin bai daidaita ba sai da sarakuna da malamai da masu unguwanni suka shigo, tare da waɗanda cutar ta naƙasa suna ba da labarin kansu ƙofa-ƙofa. Sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da gargaɗin zafi da na sanƙarau, amma mai tura baro a Sabon Gari ba ya karanta sanarwa da Turanci. Rediyo yake ji, da liman ranar Juma'a. Mai jego kuwa ungozoma take saurare. Su ya kamata mai bincike ya fara zama da su, da saƙo gajere: a duba tsoho da jariri da rana tsaka, a rage cunkoso a ɗakin kwana lokacin bazara, a garzaya asibiti da wanda wuyansa ya sandare ko ya fara sambatu cikin zafi.