Dokar Kalifoniya kan yara masu azumi da darasin motsa jiki, ga yadda take

Duk shekara in azumi ya gabato sai maganar nan ta taso a guruf guruf na WhatsApp. Wasu su ce ai yanzu a jihar Kalifoniya ta Amurka an soke wa yaran Musulmi darasin motsa jiki gaba ɗaya a watan Ramadan, wasu kuma su ce a'a, duk yaron da ya ƙi gudu saboda azumi za a kayar da shi har a ci iyayensa tara. Jama'a duka biyun ba haka ba ne.

Asalin abin shi ne jihar tana ƙirga darasin nan da minti. Daga aji 1 zuwa 6 dole makarantar gwamnati ta ba yaro aƙalla minti 200 a duk kwana 10 na karatu, a sakandare kuma minti 400. Lokacin fita tara da na cin abincin rana ba sa cikin lissafi, ko da yaro wuni ya yi yana tsalle a fili. Kuma ba wasa ake yi da mintocin nan ba, don a 2013 an maka gundumomin makarantu 37 a kotu, har da na Los Angeles da San Francisco, bisa zargin ba sa cika su, sai a 2015 aka sasanta a kan malamai su riƙa rubuta lokacin da suka koyar. To kun ga dalilin da ya sa malami ke ɗari-ɗari in yaro ya ce yau ba zan yi gudu ba, shi ma ana bin sa bashin minti ne.

Nan ne sabuwar dokar ta shigo, AB 2377, wadda gwamna Gavin Newsom ya sa wa hannu a 2024 ta fara aiki a farkon 2025. Ta shafi ɗalibai tun daga kindagatin har aji 12, kuma ba ta ambaci wani addini ba, azumin ibada kawai ta ce, don haka Kirista da Bayahude ma suna ciki.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne, dokar ba ta ce an sallami yaro daga darasin ba, sassauci ta ce a yi masa a ɓangaren da ke buƙatar wahalar jiki. Yaro zai zo aji kamar kowa, sai dai maimakon zagaye fili a rana sai a ba shi wani aikin daban, in ya kammala wannan aikin shi ne za a rubuta masa mintocin kamar ya yi darasin. In ya kammala fa. Wanda ya samu inuwa ya kwanta yana danna waya da sunan ai doka ta ba ni dama, shi ne zai iya samun matsala, kuma ga na sakandare abin ba ƙarami ba ne tunda sai da kwas na shekara 2 na motsa jiki ake ba da shaidar kammalawa. Maganar cin iyaye tara kuwa babu ita a cikin dokar ko kaɗan, nauyin cika mintoci a wuyan makaranta yake.

Sai sharaɗin takarda. Uwa ko uba ko mai riƙon yaro ne zai rubuta wa shugaban makaranta cewa yaron nan yana azumi, in ɗalibi ya kai shekara 18 ya rubuta da kansa. Ba a ce a kawo wasiƙar liman ko ta likita ba, kuma sanarwa ce ba roƙo ba, in takarda ta isa dole a yi sassaucin. Faɗa wa malamin wasanni da baki a bakin get bai wadatar ba.

Ni dai a gani na dokar ta yi adalci, don ta cire wa malami fargabar lissafi ta kuma cire wa yaro kunyar tsayawa gaban 'yan aji yana bayani da busasshen leɓe. Abin da bai kwanta min ba shi ne an ɗora komai a kan iyaye, uwar da ba ta jin Turanci sosai ko uban da ke aikin dare bai ma ji labarin dokar ba, ɗansu haka zai yi ta gudu da ƙishirwa alhali yana da haƙƙi. Da makarantun ne ke aiko da fom kafin azumi da ya fi.

Wanda ke Texas ko New York kuma kada ya ɗauki wannan ya je yana ja da makaranta, dokar jihar Kalifoniya ce kaɗai, kowace jiha da nata tsarin.